Yadda ake raka yaro daga aji ɗaya zuwa aji shida har ya tsaya da ƙafarsa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Aboabo ko Asawase a birnin Kumasi na ƙasar Gana da misalin ƙarfe bakwai na safe zai ga yara iri biyu suna wucewa. Akwai ɗan aji ɗaya wanda uwarsa ke riƙe da hannunsa, jakarsa ma ita ta rataya, akwai kuma 'yar aji shida wadda ta wanke kayanta da kanta tun jiya, ta ƙulle kuɗin motarta a gefen ɗankwali, tana kuma jan ƙannenta biyu. Shekara biyar kacal ke tsakaninsu, amma abin da ya sauya a cikin waɗannan shekaru ya wuce girman jiki. Na daɗe ina koyarwa a firamare a nan Kumasi, na kuma raini nawa, kuma abin da na fi gani shi ne iyaye sun kasu biyu: masu riƙe yaro gam har ya kai aji shida bai iya haɗa jakarsa ba, da masu sakinsa gaba ɗaya tun ranar da aka ɗinka masa yunifom, suna cewa ai yanzu aikin tica ne. Duka biyun suna cutar da yaron. Aikin uwa da uba a shekarun nan shi ne janye hannu kaɗan-kaɗan, kuma a kan tsari.

A nan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, idan aka ce makaranta, ta allo ake nufi, ta boko kuwa sukul muke ce mata. Haka zan bi a wannan rubutu don kada su cakuɗe, domin yaronmu duka biyun yake zuwa.

Kafin komai, a duba shekarun yaron da lafiyarsa

A tsarin ilimi na Gana yaro yana shiga KG, wato ajin share fage, yana ɗan shekara 4, ya yi shekara 2, ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 6, ya gama aji shida yana gab da 12, daga nan ya wuce JHS, wato ƙaramar sakandare, ta shekara 3 wadda ake rufewa da jarrabawar BECE. Ba da ka aka yanke waɗannan shekaru ba. A wajen shekara 6 zuwa 7, wato lokacin famfara, yaro ke fara iya zama wuri ɗaya ya saurari bayani, ya riƙe umarni biyu ko uku a kansa, yatsunsa kuma su yi ƙwarin juya fensir yadda yake so. Saboda haka ban yarda da ɗabi'ar tsallakar da yaro aji ba, wadda wasu iyaye ke nema don a ce ɗansu yana da ƙwaƙwalwa. Ɗan shekara 5 da aka cusa aji ɗaya zai iya haddace abin da aka faɗa, amma yawanci a aji huɗu asirin ke tonuwa.

Akwai ɗan gwaji da kowa zai iya yi a gida don ya ga yadda tunanin yaro ke nuna. A mulmula fura biyu daidai wa daida, a nuna masa har ya yarda girmansu ɗaya, sannan a baje ɗaya a gabansa ta yi faɗi, a tambaye shi wacce ta fi yawa. Ɗan shekara 5 galibi zai nuna wadda aka baje, domin idonsa yake bi. Ɗan shekara 7 ko 8 zai ce ɗaya suke tunda ba a ƙara ba, ba a rage ba. Masanin nan ɗan Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, shi ya shahara da irin wannan gwaji, ya kuma nuna cewa daga wajen shekara 7 zuwa 11 yaro yana iya tunani mai tsari, amma a kan abin da yake gani yana taɓawa. Wannan ne dalilin da ya sa lissafin da aka fara da duwatsu da murafun kwalba yake zama a kai, wanda aka fara da alli kawai kuma yake bin iska.

Sai lafiya. Yaro da yawa da ake kira daƙiƙi ba ya ganin allon aji ne, ko kunnensa na ruwa, ko tsutsar ciki da zazzaɓin sauro sun shanye masa jini. A sabunta masa katin inshorar lafiya na NHIS, a kai shi a duba idonsa da kunnensa kafin ya shiga aji ɗaya, a sake dubawa duk lokacin da aka ga yana matse ido ko yana kusanto da littafi fuskarsa. Likitoci sun ƙayyade wa ɗan shekara 6 zuwa 12 barcin awa 9 zuwa 12 a kwana, don haka yaron da za a tasa da asuba bai kamata ƙarfe tara na dare ta same shi a gaban talabijin ba. Kada kuma ya fita da yunwa. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnati ta fara a 2005 bai game kowane sukul ba, kuma ko inda ake yi, abincin rana ne. Koko da ƙosai kafin fita sun fi kuɗin da ake danƙa masa ya sayi alawa a hanya.

Ƙa'idar janye hannu

Kowane aiki da kuke so yaro ya mallaka, daga ɗaure igiyar takalmi zuwa shiga motar haya ta tirotiro shi kaɗai, hawa huɗu yake bi. Ku yi yana kallo, kuna faɗa masa abin da kuke yi da dalilinsa. Sannan ku yi tare, ku riƙe ɓangare mai wuya, ku bar masa mai sauƙi. Sannan ya yi kuna kallo, bakinku a rufe sai in za a yi ɓarna. A ƙarshe ya yi ba kwa nan, ku duba daga baya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin haka ake koyon sana'a a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi: yaron makanike yakan daɗe yana wanke ƙarafa yana miƙa sifana kafin a bar shi ya kwance ƙafar mota, kuma babu maigidan da zai miƙa masa inji ranar farko. Lev Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934, ya yi bayanin cewa koyo yana faruwa ne a tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an ɗan tallafa masa.

Hawa na uku ne ya fi wa iyaye wuya. Uwa tana ganin yaro yana fama da maɓalli, lokaci na tafiya, sai ta ce, "Kawo in yi maka, ka cika nawa." A ranar ta ceci minti biyu, amma ta koya masa cewa in ya yi jinkiri wani zai karɓe masa aikin. Maganin shi ne a koyar da sabon aiki ranar Asabar ko lokacin hutu, ba a safiyar Litinin ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a ɗauki aiki ɗaya a lokaci guda, sai ya zauna sannan a ƙara wani.

Aji ɗaya da aji biyu: karatu ne kan gaba

A nan zan daɗe, domin a nan ake samun riba ko asara. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji biyu a faɗin ƙasar nan a 2013, aka maimaita a 2015, ya nuna cewa waɗanda ke karatu tiryan-tiryan suna fahimtar abin da suka karanta ba su wuce 2 cikin 100 ba. Wannan ya isa ya nuna wa kowane uba cewa zuwa sukul kullum ba shi ne iya karatu ba.

Ɗan zango yana da wani nauyi na musamman. Manufar gwamnati ita ce a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen gida, a tsallaka zuwa Turanci daga aji huɗu, amma harsuna 11 ne aka amince da su don wannan aiki, kuma Hausa ba ta cikinsu. A Kumasi harshen da ake amfani da shi Tuwi ne, wanda iyayenmu ke kira Tonanci. Ke nan yaron da ya tashi da Hausa a gida, wataƙila da Dagbani ko Zabarmanci ko Kotokoli a bakin kakarsa, zai tarar da Tuwi da Turanci a sukul, da yamma ko a ƙarshen mako kuma ya fuskanci Larabci a makaranta. Ƙwaƙwalwar yaro tana iya ɗaukar wannan duka, kuma in ya girma dukiya ce a hannunsa, amma da sharaɗin harshe ɗaya ya yi ƙarfi ya zama tushe. Shi ya sa nake roƙon iyaye kada su watsar da Hausa a gida su koma yi wa yaro guntun Turancin da su kansu ba su ƙware a kai ba. Yaron da ya iya ba da labari da Hausa daga farko zuwa ƙarshe, ya san dalili da sakamako, ya san kalmomi masu yawa, zai ɗauki wannan basira ya zuba ta cikin Turanci. Wanda bai ƙoshi da kowane harshe ba kuwa, ba shi da abin da zai zuba.

Mataki na farko ke nan, a dawo da tatsuniya da hira. In an gama labarin Gizo da Ƙoƙi, a ce ya maimaita wa ƙanensa. A tsaya a tsakiyar labari a tambaye shi me yake gani zai faru, kuma don me. Wannan ba ya buƙatar uwa ta iya boko.

Mataki na biyu, a tabbatar yana koyon sautin haruffa, ba sunayensu kawai ba. Malamanmu na allo sun daɗe da sanin wannan hanya: a fara da babbaƙu, a zo farfaru, sannan a koyi haɗawa har baki ya faɗa. Haka karatun boko yake, yaro ya san sautin da kowane harafi ke bayarwa, ya iya haɗa uku ya fitar da kalma. Akwai tarko a nan da ya fi kama 'ya'yanmu, saboda makaranta ta horar da kunnensu da hadda. Yaro zai rera shafi guda na littafin Turanci ba tuntuɓe, a yi ta murna, alhali bai karanta ko kalma ɗaya ba. Don a gane gaskiya, a rufe hoton da ke shafin da tafin hannu, a nuna masa kalma a tsakiyar layi, ko a sa yayansa ya rubuta wata gajeriyar kalma da bai taɓa gani ba. In ya tsaya yana haɗa sautuka a hankali, yana kan hanya ko da ya yi kuskure. In ya ɗaga kai yana kallon sama yana neman tunawa, hadda yake yi, sai a koma baya tare da ticansa.

Mataki na uku, a ware minti 10 zuwa 15 kowace rana ya yi karatu da ƙarfi a gaban wani babba. Uwar da ba ta yi sukul ba tana iya zama tana tsince wake, in ya gama ta ce, "To, faɗa mini da Hausa abin da ka karanta." In ya kasa, bai fahimta ba. Littafi kuma ba shi kaɗai ne abin karantawa ba, akwai rubutun jikin motoci, allunan shaguna, gwangwanin madara da katin asibiti. Wanda ke da hali ya kai yaro ɗakin karatu na Jihar Ashanti da ke harabar Cibiyar Al'adu, ya ga littattafai jere, ya zaɓi nasa da hannunsa.

Kada a tsorata in ɗan shekara 6 ko 7 yana juya b ta zama d, ko yana fara rubutun boko daga dama. Abu ne da aka saba gani, balle ga wanda ke rubuta Larabci daga dama da yamma, boko daga hagu da safe. A sa masa ɗan ɗigo a gefen hagu na shafi ya san mafara. Sai in ya kai ƙarshen aji biyu abin bai ragu ba, sannan a zauna da tica a bincika.

Lissafi a wannan mataki da hannu ake yinsa. A ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma, ya ga da idonsa cewa 34 ɗauri uku ne da tsinke huɗu. A ba shi kwabbai ya gano cewa pesewa 100 ne sidi 1. A ce ya raba ƙosai shida tsakanin mutum uku.

Ta fuskar dogaro da kai, kafin ya bar aji biyu ya kamata ya iya sa kayansa, ya yi tsarki da wanke hannu da sabulu ba tare da an tsaya a kansa ba, ya haɗa jakarsa tun dare, ya kuma haddace cikakken sunansa, sunan mahaifansa, unguwarsu da lambar wayar ɗayansu. A nan ne kuma ake fara salla. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a umarci yara da salla suna 'yan shekara bakwai, a tsananta a kanta in sun kai goma, a kuma raba musu wurin kwanciya. Ni abin da ke jan hankalina shi ne shekara ukun da ke tsakani, wadda aka bari don koyarwa da tunatarwa da haƙuri kafin a nemi cikar aiki.

Aji uku: gada

Aji uku gada ce. Kafin ita yaro yana koyon karatu ne, bayan ita kuma da karatun zai koyi komai: kimiyya, tarihi, har lissafi, tunda tambayoyin sun fara zuwa cikin jimloli. Wanda ya haye gadar nan bai iya karatu ba, kowace shekara giɓin ƙaruwa yake yi, har ya fara ɓuya a bencin baya ko ya koma mai tsokana don a daina tambayarsa.

Don haka a tsakiyar aji uku, kada a jira ƙarshen shekara, a yi masa gwaji a gida. A samo ɗan gajeren labari na Turanci daidai ajinsa wanda bai taɓa gani ba, ya karanta, a yi masa tambaya uku: wa aka ambata, me ya faru, don me. In ya kasa, a je sukul a wannan makon. Kada a tsaya ga matsayin da ya zo a jarrabawa, domin na biyar a ajin da ba a iya karatu ba bai tsira ba. A tambayi tica kai tsaye, cikin ladabi: "Madam, wane sauti ne bai sani ba? Me zan riƙa yi da shi a gida?" Tica da ke fama da yara da yawa a aji ɗaya yakan fi lura da yaron da ya san iyayensa na bibiya. Kuma in ta kama a maimaita aji, maimaita aji uku ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kai yaro JHS yana kame-kame.

Na taɓa yin kuskuren nan da ɗana na fari. Ina koyar da 'ya'yan wasu, nawa kuma ina ganin makinsa na da kyau, ban taɓa zaunar da shi ba. Sai wata rana na miƙa masa takardar gayyatar suna na ce ya karanta mini, ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ba a koya mana wannan ba." Hutu guda muka yi muna komawa kan sautuka kafin ya miƙe.

Aji huɗu: aikin gida, kuɗi da aike

A manhajar da hukumar tsara manhaja ta NaCCA ta fitar a 2019, daga aji huɗu ake ƙara darasin kwamfuta da Faransanci, kuma 'yan aji huɗu ne aka fara yi wa jarrabawar auna ƙwarewa ta ƙasa baki ɗaya a Disamban 2021. Aiki yana yawa, don haka lokaci ya yi da yaro zai fara riƙe ragamar karatunsa.

A tsayar masa da lokaci ɗaya da wuri ɗaya na aikin gida. A gidajenmu na haya, inda iyali da yawa ke tsakar gida ɗaya, samun shiru yana da wuya, amma tabarma a lungu da ƙaramin benci da fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta sun wadatar. A duba jadawalinsa gaba ɗaya da idon tausayi: in ya taso sukul da rana, ya tafi makaranta da la'asar, ya dawo magariba, to aikin gida ya zama bayan ya ci abinci, kuma kada ya wuce rabin awa zuwa minti 40. Dole a bar masa lokacin wasa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, kuma a wajen ƙwallo da 'yar gala-gala yake koyon bin doka da haƙurin shan kaye. In akwai sukul da ke haɗa boko da Arabiyya, irin waɗanda ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, wannan yana rage wa wasu yara zirga-zirga.

Kada wani ya yi masa aikin. In yayarsa ta rubuta masa amsa, tica zai ɗauka ya gane, ya wuce gaba. In ya kasa, a tambaye shi ina ya tsaya, a sa ya karanta tambayar da ƙarfi, ya faɗi da Hausa abin da ake nema. In har yanzu ya gagara, ya koma da shi haka nan ya ce bai gane ba. Iya cewa "ban gane ba" a gaban aji babban makami ne, kuma bulala ce ke kashe shi. Hukumar ilimi ta ƙasa, GES, ta haramta duka a sukul tun 2017, ni kuma ina ganin ko a gida dukan yaro saboda ya kuskure amsa ba ya koya masa komai sai ɓoye littafi da kwafar na wani. In ya yi sakaci, hukuncin ya dace da laifin: wanda ya manta littafinsa ya je ya fuskanci tica, kada uwa ta bi shi da shi a guje.

Kuɗin kashewa ma darasi ne. A fara ba shi na kwana biyu a haɗe, in ya iya, a koma na mako. In ya cinye ranar Talata, a ba shi abinci daga gida, amma kada a ƙara kuɗi. Aike kuma ya fara daga cikin lungu: ya sayo abu biyu ko uku, ya lissafa canji kafin ya bar gaban mai kaya, ya dawo ya ba da bayani. A wannan shekara ya kamata ya riƙa wanke safarsa da ƙananan kayansa, ya share ɗaki, ya wanke kwanon da ya ci abinci.

Ina so in tsaya a kan wannan, domin akwai rashin adalci da muka saba da shi har ba ma ganinsa. 'Ya mace tana ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta goyi ƙane, wani lokaci ta ɗauki tallan waken uwarta kafin ta tafi sukul, ta isa aji a gajiye tana gyangyaɗi. Ɗa namiji kuwa yana filin ƙwallo, ya girma bai iya dafa ruwan zafi ba. An danne ɗaya, an sangarta ɗaya. A raba aikin gida tsakaninsu. Game da talla, Dokar Yara ta 1998 ta sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki mara nauyi, 15 kuma na ɗaukar aiki, don haka ɗan firamare bai kai ba. Na san halin da wasu gidaje ke ciki, kuma ban raina neman halal ba, amma taya uwa zama a gaban kaya ranar Asabar daban yake da yawo tsakanin motoci a kasuwar Kejetia da tire a ka.

Aji biyar da aji shida

Yanzu yaro ya fara tambayar dalili, yana gardama, yana auna maganar manya da aikinsu, kuma ra'ayin abokai ya fara yi masa nauyi. Ba rashin kunya ba ne duka, hankali ne ke buɗewa. A riƙa ba shi dalilin doka, a bar shi ya zaɓi wasu abubuwa, kamar lokacin da zai yi wanki ko darasin da zai fara bita. A san abokansa da gidajensu, a bar su su shigo tsakar gida, domin abokin da kuke gani ya fi wanda ake haɗuwa da shi a bayan kanti.

A karatu, ya koyi gwada kansa. Maimaita karanta shafi sau biyar ba ya kai rufe littafi a faɗi abin da aka tuna, sannan a buɗe a duba. Wannan ma ɗan makaranta ya san shi, domin haka ake tilawa. Ya rubuta jadawalin mako da hannunsa ya manna a bango, ya riƙa bita kaɗan-kaɗan tun farkon zangon karatu. Ya kuma riƙa koya wa ƙanensa, domin wanda ya bayyana wa wani abu shi ya fi riƙe shi.

Maganar balaga a yi ta kafin ta zo. Alamunta kan fara bayyana ga 'ya mace tsakanin shekara 8 da 13, ga namiji tsakanin 9 da 14, don haka akwai 'yan aji biyar da ke fara al'ada. Uwa ko gwaggo ta zaunar da yarinya ta yi mata bayanin jini, da ƙunzugu, da wankan tsarki, ta sa mata abin da za ta buƙata a jaka. Uba ko kawu ya yi wa namiji nasa. Duka biyun a gaya musu a fili cewa babu wanda ke da ikon taɓa al'aurarsu ko ya sa su riƙe masa sirri, ko ɗan uwa ne, ko malami, ko maƙwabci, kuma in suka faɗa ba za a doke su ba. Kunya tana da kyau, amma a wannan wuri mugu ne ke cin ribarta.

Waya kuwa, ni ban ga dalilin mallaka wa ɗan firamare mai intanet ba. Facebook da TikTok su kansu sun sa shekara 13 a ƙa'idarsu. In zai yi bincike, ya yi da ta iyaye a tsakar gida, kuma kada waya ta kwana a ɗakin yara.

Saura hanya. Yaron da bai kai wajen shekara 10 ba ba ya iya auna gudun mota daidai, shi ya sa ba a barinsa ya tsallaka babban titi shi kaɗai. Tunda a dama ake tuƙi a Gana, motar da ta fi kusa daga hagu take zuwa, sai ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, ya kuma sa ido kan piragiya mai ƙafa uku da babura da ke kutsowa ta inda ba a zata. Lokacin damina a hana shi bin gefen manyan kwatoci da rafin Aboabo in ruwa ya sauko. Ya haddace 112, lambar neman agajin gaggawa.

A hutun ƙarshe kafin ya shiga JHS, a bi hawa huɗun nan a kan hanyar sabon sukul ɗinsa. Ranar farko ku tafi tare, ku nuna masa tasha, da abin da ake ce wa yaron mota, da inda ake sauka. Rana ta biyu shi zai biya kuɗi ya karɓi canji ya ce a tsaya. Rana ta uku ku zauna a kujerar baya kamar ba ku san shi ba, ko ya wuce wurin sauka kada ku yi magana sai ya gane da kansa, ku ga yadda zai gyara. Ku nuna masa shago ɗaya ko biyu na mutanen da kuka sani a hanyar, inda zai tsaya a kira ku in wani abu ya faru, ku kuma ɗinke masa kuɗin mota na ko-ta-kwana a cikin aljihun jaka. Rana ta huɗu ya tafi shi kaɗai, ku gaya masa ƙarfe nawa kuke sa ran dawowarsa, in ya dawo kuma ku zaunar da shi ya ba ku labarin hanyar daga fita har shigowa.